Akwatin imel ya cika maƙil: kayan aikin Gmail da Outlook sun isa, ko sai an sayi manhajar kuɗi?

Duk wanda ya yi rajistar JAMB a Katsina cikin 'yan shekarun nan yana da imel, ko da bai taɓa buɗe shi da hannunsa ba. Yawanci mai kafe ne ya buɗe masa a tsaitsaye, ya rubuta masa kalmar sirri a bayan takardar rajista, shi ke nan. Daga ranar akwatin ya fara karɓar baƙi. Banki ya turo alat a kan kowace naira da ta shiga ko ta fita, Facebook ya ce wani ya yi sharhi a hotonka, shagon da ka taɓa duba farashin waya a shafinsa ya mayar da kai abokin hirarsa na dindindin. Bayan shekara uku ko huɗu, lambar da ke maƙale a alamar Gmail ta kai dubbai. A cikin wannan tarin ne saƙon NELFUND, asusun rancen ɗalibai, yake kwance, ko na NYSC, ko gayyatar intabiyu da wa'adinta ya wuce tun makon jiya.

Na malaman manyan makarantu ya fi haka muni. Malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da zarar ya buga maƙala ɗaya da adireshinsa a jiki, mujallun bogi na duniya sun gano shi. Kullum sai sun gaishe shi da farfesa, ko da bara ya gama digiri na biyu, suna roƙon ya turo musu takarda. Tsakanin waɗannan ne saƙon ɗalibin da yake dubawa da sanarwar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, suke nutsewa.

Masu sayar da manhajojin gyaran akwati suna magana ne kamar ciwon iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai wanda wurin ajiyarsa ne ya ƙare, akwai wanda tsohon tari ne ya binne masa abin da yake nema, akwai kuma wanda sababbin saƙonni ne suke zubo masa kullum fiye da yadda zai iya karantawa. Kowace manhaja tana da wanda ta fi iyawa a cikin ukun nan, kuma a ganina mafi yawanmu ba mu buƙatar biyan ko kwabo.

A fara da wanda aka ce masa ajiya ta cika, don shi ne ya fi shiga haɗari, kuma shi ne ya fi ɓata lokaci a inda ba nan matsalar take ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Tun 1 ga Yunin 2021 hotunan da ake ɗorawa a Photos suka fara shiga lissafi. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shigo ciki. To ka tuna yawan bidiyon biki da na wa'azi da na siyasa da ake zubawa a guruf-guruf ɗinmu, wanda waya take kwashewa ta kai wa Google da daddare ba tare da ka sani ba. Idan wurin ya cika, Gmail ya daina karɓar saƙo, kai ma ba ka iya turawa, wanda ya aiko maka sai nasa ya dawo masa. Mai wannan matsala zai iya kwana yana goge saƙonnin rubutu dubu biyar bai samu wani wurin kirki ba, domin rubutu ba ya da nauyi. Abin da zai yi shi ne ya buɗe shafin ajiya na Google One ya ga wa ke cin wurin. In WhatsApp ne, ya shiga saitin ajiyarsa ya kashe ɗora bidiyo. In kuma imel ɗin ne da gaske, ya rubuta larger:10M a wurin bincike na Gmail, sai duk saƙon da ya haura megabait 10 ya fito, yawanci tsofaffin hotuna da takardun da aka yi ta turawa ana maimaitawa. Ya goge, sannan ya shiga kwandon shara ya zubar da shi, don abin da ke kwandon yana ci gaba da cin wuri har kwana 30 kafin Gmail ya share shi da kansa. Babu manhajar kuɗin da za ta yi maka wannan fiye da yadda za ka yi da hannunka cikin minti ashirin.

Sai mai tsohon tari. A nan ne ƙarfin Gmail yake, kuma a nan ne aka fi rashin saninsa, saboda kusan kowa a waya yake buɗe imel, alhali manyan kayan aikin suna kan kwamfuta. A waya sai ka yi ta zaɓen saƙonni kashi-kashi. A kwamfuta kuwa, idan ka yi bincike ka danna ɗan akwatin zaɓe da ke sama, wani layi zai bayyana yana tambayarka ko a zaɓi duk saƙonnin da suka dace da binciken, ko da dubu goma ne. Wannan layin kaɗai ya fi rabin abin da manhajojin waje suke karɓar kuɗi a kai.

Kalmomin binciken ba su da yawa. Ka rubuta category:promotions older_than:6m, duk tallan da ya wuce wata shida ya fito, ka goge ba tare da ka buɗe ko ɗaya ba. Ka rubuta category:social ka yi wa sanarwar Facebook da LinkedIn haka. Ka rubuta from: ka biyo shi da adireshin wanda ya dame ka, ka ga iyakar abin da ya taɓa turo maka. Wasu suna binciken kalmar unsubscribe kawai, tunda kusan duk saƙon taro yana ɗauke da ita a ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma a duba kafin a goge, don wani lokaci rasit ɗin sayayya ko tikitin jirgi shi ma yana da ita.

Akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe: gogewa daban, Archive daban. Archive yana ɗauke saƙo ne daga gabanka ya ajiye shi, duk ranar da ka neme shi ta bincike zai fito. Saboda haka wanda tarinsa ya fi ƙarfinsa, kuma yana tsoron ya goge abu mai amfani, yana iya rubuta older_than:3m ya zaɓi duka ya danna Archive. Bai rasa komai ba, amma abin da ya rage a gabansa na wata uku ne kawai, wanda mutum zai iya bi ɗaya bayan ɗaya bayan sallar isha'i. Saƙon da ya yi wata uku ba ka amsa ba, mai shi ya riga ya kira ka a waya ko ya haƙura. Sai dai Archive ba ya rage nauyin ajiya ko kaɗan, don haka ba maganin mai matsala ta farko ba ne.

Alat na banki kuwa, ni ban ba da shawarar a goge shi ba. Ranar da POS ya cire maka kuɗi bai biya ba, ko kuka yi gardama da abokin ciniki a kan ya turo ko bai turo ba, wannan saƙon da kake ganin ya dame ka shi ne shaidarka. Abin da ya dace da shi shi ne matata, wato filter, umarnin da ke tace saƙonni da kansa. Ka yi binciken adireshin bankin, ka zaɓi Create filter, ka ce kada saƙon ya riƙa sauka a babban akwati, a manna masa lakabin "Banki", sannan ka sa alama a inda aka ce a haɗa har da tsofaffin. Daga nan duk alat yana wucewa ɗakinsa kai tsaye. Haka za ka yi wa masu muhimmanci ta ɗaya ɓangaren: adireshin makarantarku, na JAMB, na wurin aikinka, ka ce a sa musu tauraro kuma kada a taɓa jefa su cikin Spam. Matata biyar ko shida sun ishi mutum. Wanda ya ƙirƙiri talatin, ya sake gina wani wurin ɓatan ne kawai.

Manhajar Gmail ta waya ba ta ƙirƙirar matata, sai a kwamfuta, amma da zarar an yi ta tana aiki ko'ina. Wanda ba shi da laftof yana iya zama awa ɗaya a kafe ko ya ari ta aboki. In a kafe ne, ya buɗe taga ta sirri a burauza, kada ya yarda kwamfutar ta riƙe masa kalmar sirri, ya tabbatar ya fita kafin ya tashi, ya kuma je da wayarsa don Google zai iya neman tabbaci ta kanta. Ana iya tilasta burauzar waya ta nuna shafin kwamfuta, amma rubutun yana ƙanƙancewa har sai ido ya yi ruwa.

Abin da wayar ta iya shi ne aikin yau da kullum. Tun 2013 Gmail ya raba akwati zuwa shafuka, na farko don mutane, sauran don talla da dandalin zumunta da sanarwa. Rabon ba ya rasa kuskure, wani lokaci saƙon hukuma yana faɗawa cikin talla, amma in ka mayar da shi inda ya dace yana koyo. A saitin manhajar za ka iya cewa jan saƙo hagu ya zama Archive, jan shi dama ya zama gogewa, ka kuma rage ƙarar sanarwa ta koma kan muhimman saƙonni kaɗai. Wanda ya saba da wannan yana iya tace saƙo hamsin yana cikin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa sakatariya. Akwai kuma Snooze, wanda yake ɓoye saƙo ya dawo da shi ranar da ka zaɓa. Yana da amfani ga wanda ke jiran albashi kafin ya biya wani abu, yana kuma zama tarko ga mai son ɗage aiki.

Toshe hanyar talla ma ta yi sauƙi fiye da da. Daga 2024 Google da Yahoo sun wajabta wa masu tura saƙo da yawa, waɗanda ke aika sama da 5,000 a rana, su sa hanyar fita ta dannawa ɗaya kuma su cika umarnin cikin kwana biyu. Shi ya sa yanzu kake ganin Unsubscribe a sama kusa da sunan mai aikowa. A 2025 Gmail ya ƙara shafin Manage subscriptions, wanda yake jero masu turo maka saƙon taro, waɗanda suka fi yawan turowa a sama. Wannan na kamfanonin gaskiya ne. Saƙon da ya ce ka ci gasar da ba ka shiga ba, ko BVN ɗinka zai rufe in ba ka danna nan ba, kada ka taɓa komai a cikinsa, ka tura shi Spam kawai. Danna wani abu a ciki sanar da ɓarawo ne cewa akwai mutum a gidan.

Outlook, wanda tsofaffin hannu suka sani da Hotmail, ya fi Gmail a abu ɗaya, kuma abin ba ƙarami ba ne. Sunansa Sweep. Ka zaɓi saƙo ɗaya daga wani mai aikowa, sai ya ba ka zaɓi: a kwashe duk nasa yanzu, ko a kwashe har da na gaba, ko a riƙa barin na ƙarshe kaɗai, ko a riƙa kawar da duk wanda ya wuce kwana 10. Zaɓi biyun ƙarshen nan Gmail ba shi da irinsu. Ga jaridar da take turo kanun labarai kowace safiya, ko shafin neman aiki da sanarwarsa take tsufa cikin mako, babu abin da ya kai wannan dacewa. Rabon akwatinsa gida biyu ne kawai, Focused da Other, wanda ya fi sauƙin fahimta ga wanda ba ya son shafuka da yawa. Manhajarsa ta waya kuma tana karɓar asusun Gmail da na Yahoo ta haɗa su wuri guda, abin da zai taimaki wanda yake da imel na aiki da na gida da wani tsoho da ya buɗe tun yana sakandare. Inda ya gaza shi ne Sweep ɗin ma a kwamfuta yake, kuma tun 2023 takardun da aka maƙala wa saƙo suna cin gigabait 5 na OneDrive, ma'ajiyar Microsoft, wanda ba ya daɗewa yake cika. Ban ga dalilin da mai Gmail zai yi ƙaura saboda Sweep ba, tunda adireshinsa yana rubuce a banki da makaranta da takardun aiki. Amma wanda ma'aikatarsu ta ba shi imel na Microsoft yana zaune a kan kayan aikin da bai taɓa dannawa ba.

Yahoo ba sai an daɗe a kansa ba. Yana da shafin da yake tara masu turo talla don a fita daga jerinsu, yana aiki daidai gwargwado. Wanda yake riƙe da tsohon asusu tun kafin 2013 bai taɓa sauya kalmar sirri ba, wannan ne aikinsa na farko, don kutsen da aka yi wa kamfanin a shekarar ya shafi asusu biliyan 3.

Yanzu ga na waje, waɗanda ake talla. Clean Email aikinsa tsohon tari ne. Yana tattara saƙonninka ƙungiya-ƙungiya, na wannan mai aikowa, na sayayya, na tafiya, waɗanda suka tsufa, sai ka yanke hukunci a kan ƙungiya gaba ɗaya. Fifikonsa a wurinmu shi ne yana yin wannan a waya, kuma ba sai ka haddace kalmomin bincike ba. Yana nuna maka ma wanda ya fi cika maka akwati, abin da Gmail ba ya faɗa kai tsaye. Kyautarsa tana da iyaka, daga nan sai biya. SaneBox kuma na mai ciwo na uku ne, wanda sabo yake zubo masa. Ba ya sauya maka manhaja, yana zama ne a bayan fage yana lura da waɗanda kake amsa wa, sai ya kwashe sauran zuwa wani ɗaki mai suna SaneLater, ya riƙa turo maka taƙaitaccen jerinsu. Wanda ka jefa cikin SaneBlackHole ba ka ƙara ganinsa. Ya fi shafukan Gmail iya rarrabe mutum da mutum, misali ɗan kwangilar da kake jira da wanda kawai ya sa ka a kwafi. Superhuman na masu rayuwa a cikin imel ne, komai da madannan kwamfuta ake yi don sauri, kuɗinsa kusan dala 30 a wata. A canjin da ake ciki wannan ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Gmail ɗin kansa yana da gajerun madannai kyauta in ka kunna su a saiti: e ya ajiye, j da k su kai ka gaba da baya, r ya buɗe amsa.

Dala ba ita ce babbar damuwata da waɗannan ba. Kowace a cikinsu sai ka ba ta izinin shiga akwatinka kafin ta yi aiki, kamar ka miƙa wa mai shara makullin ɗakin da takardun gida suke. A akwatin nan ne bayanan asusunka na banki suke, nan ne ake turo hanyar sauya kalmar sirrin Facebook da ta sauran shafukanka. Masu karɓar kuɗi aƙalla an san inda suke cin abinci, kuma SaneBox yana cewa kan saƙo kawai yake dubawa, wato wa ya aiko da take da lokaci, ba ya karanta cikinsa. Na kyautar ne abin tambaya. Unroll.me ya yi suna wajen cire mutane daga jerin talla ba tare da karɓar ko sisi ba. A 2017 jaridar New York Times ta bayyana cewa kamfanin da ya mallake shi yana tsintar rasit daga akwatunan mutane yana sayar da bayanan, har Uber ya sayi na abokin gasarsa Lyft. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da yaudarar masu amfani da shi, suka yi sulhu. Tunda yanzu Gmail da Yahoo suna yin aikin nan da kansu, ban ga abin da ya rage da zai sa mutum ya ba irin wannan manhaja makullinsa ba.

Akwai ɗaya da ba a cika ambata ba, alhali ta dace da yanayinmu: Thunderbird. Kyauta ce, daga gidan Mozilla masu Firefox, ana sa ta a kwamfuta. Tana sauko da saƙonni ta ajiye, don haka in sabis ya ɗauke kana iya ci gaba da karantawa da tacewa da rubuta amsa, in ya dawo ta aika. Kana danna kan layin masu aikowa sai duk akwatin ya jeru suna-suna, ka ga wane ne yake da ɗari huɗu, ka share shi a dannawa biyu. Wannan shi ne kusan abin da Clean Email yake sayarwa, kuma a nan babu wani kamfani na uku a tsakani. Tana kuma iya kwashe tsofaffin saƙonni daga Google ta ajiye a kan laftof don wuri ya samu, sai dai in laftof ɗin ya mutu ko aka sace, sun tafi ke nan, don haka a yi kwafi a wani wuri. Saukowar farko tana shan data sosai in akwatin babba ne, gara a yi ta inda akwai wayfai. Ga sakataren ofis ko na makaranta mai zaman kanta da yake riƙe da akwati biyu ko uku, ita zan fara nuna masa. Ta fito a Android a 2024, amma ƙarfinta yana kan kwamfuta.

Gemini a Gmail da Copilot a Outlook, wato mataimakan AI da ke cikinsu, suna taƙaita doguwar muhawara, suna kuma tsara amsa. Suna rage wahalar karanta saƙo ɗaya mai tsawo, ba sa rage yawan saƙonni. In maganar kuɗi ce ko ranar rufe wani abu, ka buɗe asalin ka gani da idonka.

Ɗalibi da mai jiran bautar ƙasa da mai neman aiki, nasu awa ɗaya ce a kan kwamfuta: a goge talla, a ajiye abin da ya wuce wata uku, a yi matatar banki da ta makaranta, sauran a riƙa yi a waya. Ɗan kasuwar da yake oda daga Legas ko Sin haka, sai dai shi ya ƙara lakabi ga kowane babban abokin hulɗa, kuma kada ya goge komai da ya shafi kuɗi. Malamin jami'a ya gwada matata tukuna, don mujallun bogin nan kalmominsu kusan iri ɗaya ne, ana iya kama da yawansu da matata biyu. Wanda nake ganin SaneBox zai iya biyan kuɗinsa shi ne mai aiki da ƙungiyoyin agaji ko mai ba da shawara da ake biya da dala, wanda saƙo ɗaya da ya ɓace zai iya jawo masa asarar kwangila. Shi ma in imel ɗin na wurin aiki ne, sai ya tambayi masu kula da kwamfutocinsu kafin ya haɗa, don ma'aikatu da yawa sun hana.

Wanda kuma ba shi da hanyar samun kwamfuta sam, ya ga Clean Email ne mafitarsa, ya ɗauke shi aikin wata ɗaya. Ya yi sharar, ya soke biyan kafin ya sabunta kansa, sannan ya shiga asusunsa na Google, ɓangaren tsaro, inda aka jero manhajojin waje da suke da izinin shiga, ya cire shi. Goge manhajar daga waya ba ya janye izinin. In ya shiga wurin ya duba jerin da kyau, zai iya tarar da wasu da ya ba izini shekarun baya ya manta, su ma ya cire su.